Tarihin Tafkin Clifton: Yadda Aka Ceto Wurin Ninƙayar Jama'a, Ya Koma Na Mambobi



Yau za mu leƙa birnin Bristol da ke kudu maso yammacin Ingila. A wata unguwa da ake kira Clifton akwai wani tsohon tafkin ninƙaya, ginin hannu, marar rufi, wanda aka buɗe tun shekarar 1850. Ya yi shekara 140 ana shiga ruwansa, ya yi shekara 18 a garƙame har ana shirin rushe shi, sannan wani ɗan kasuwa ya saye shi, ya gyara, ya sake buɗe shi a 2008. Amma fa ba yadda aka san shi ya dawo ba. Kafin a rufe shi na hukumar birni ne, kowa ya zo da 'yan canjinsa sai ya shiga. Yanzu kuwa mambobi masu biyan kuɗin ƙa'ida su ne a gaba, saura sai a sa'o'in da aka ware musu, a farashi mai tsada.

Abin da ya sa muka kawo labarin ke nan. Duk inda kayan jama'a ya lalace, wani mai hali ya zo ya ce zai gyara amma da sharaɗi, tambaya ɗaya ce ke tasowa: an ceci kayan ne, ko an raba masu shi da shi? Za mu bi tarihin wurin daki-daki, mu auna shi da wasu irinsa a Reading da Bath da Landan da Paris, sannan mu faɗi abin da muka fahimta.

YADDA WANKA YA ZAMA AIKIN HUKUMA

A farkon ƙarni na 19 masana'antu sun jawo mutanen karkara zuwa biranen Ingila, aka cunkushe a ƙananan gidaje da babu famfo balle makewayin wanka. Lebura in yana son wanka sai ya nufi kogi ko tashar jiragen ruwa, inda dattin gari da na masana'antu ke kwarara. Wasu su nutse, wasu su kwaso cuta. A 1832 annobar kwalara ta shiga biranen ƙasar ta kashe dubban mutane. A Liverpool akwai wata mata talaka mai suna Kitty Wilkinson da ke da tukunyar dafa ruwa a gidanta, sai ta buɗe wa maƙwabta ƙofa suna zuwa wanke tufafi da shimfiɗun marasa lafiya. Bayan shekara goma, a 1842, hukumar birnin ta buɗe gidan wanka da wanki na jama'a.

A 1846 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar gidajen wanka da wanki. Dokar ta ba hukumomin garuruwa damar cin bashi su gina irin waɗannan wurare, ta kuma yanke abin da za a karɓa a hannun ma'aikaci: kwabo ɗaya wankan ruwan sanyi, kwabo biyu na ruwan ɗumi, sisin kwabo kuma shiga tafkin da ke fili. Dattawanmu da suka yi zamanin fam da sule da kwabo kafin zuwan naira a 1973 sun san waɗannan sunaye. Manufar dokar a fili take: kada rashin kuɗi ya hana talaka tsabta.

HAIHUWAR TAFKIN CLIFTON

Shi dai tafkin Clifton ba hukuma ce ta gina shi ba. Clifton unguwar masu hannu da shuni ce, a kan tudu, sama da kwazazzabon kogin Avon. Attajiran Bristol sun hau can ne don gudun hayaƙi da warin tashar jiragen ruwa, tashar da ta yi musu arziki da cinikin sukari da taba, da kuma fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma kafin majalisa ta haramta shi a 1807. Masu jari ne suka gina wurin, suka sa masa sunan Sarauniya Victoria, aka buɗe shi ranar 29 ga Yuli, 1850. Kuɗin shiga sule guda. Sule kwabo 12 ne, wato ninki 24 na sisin kwabon da doka ta yanka wa ma'aikaci a tafkin hukuma. Tun ran gini tun ran zane, wurin na masu abin hannu ne.

Daga bakin titi ba za ka ce akwai ruwa a ciki ba, domin fuskar ginin ta saje da gidajen layin. Sai ka shige ƙofa ka tarar da tafki mai kusurwa huɗu a tsakiya, sama a buɗe, ganuwa ta kewaye shi. A gefe akwai jerin ƙananan ɗakunan sauya kaya, a sama kuma baranda inda 'yan kallo ke tsayawa. Wani sashe na gaban ginin daga baya ya koma mashaya, wadda ita ma ta ɗauki sunan Victoria.

A shekarun da suka biyo baya iyo ya samu karɓuwa ƙwarai a Ingila. A 1875 wani matuƙin jirgin ruwa, Kyaftin Matthew Webb, ya ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da ninƙaya, daga Dover zuwa Calais, cikin ƙasa da awa 22. Labarinsa ya cika ƙasar, samari suka yi ta kafa ƙungiyoyin iyo, garuruwa suka shiga gasar mallakar tafkuna. A 1897 hukumar birnin Bristol ta saye tafkin Clifton. Ke nan ya yi shekara 47 a hannun masu jari, sannan ya shiga hannun jama'a, inda ya yi shekara 93.

ZAMANIN DA KASUWARSA KE CI

Shekarun 1930 su ne ganiyar tafkunan fili a Birtaniya. A cikin shekara goman nan an gina kusan 170. A lokacin ne aka fara kiransu da suna “lido”, sunan da aka aro daga wani tsibiri mai bakin teku a birnin Venice na Italiya inda masu kuɗin Turai ke zuwa hutu. Ma'anar aron sunan ita ce wanda ba shi da kuɗin zuwa Italiya ma ga tasa Italiyar a bayan gida.

Dalilai sun haɗu. Likitoci na wa'azin cewa hasken rana da iska na taimaka wa yaran birni masu fama da ciwon ƙashi da tarin fuka. Hukumomi na neman aikin da za su ba marasa aiki a lokacin karayar tattalin arziki, haƙar tafki kuwa aikin hannu ne mai cin mutane da yawa. A Landan, shugaban majalisar birnin, Herbert Morrison, ya yi alkawarin cika birnin da tafkuna. A 1938 aka yi dokar hutu da albashi, wadda ta buɗe wa ma'aikata da dama hanyar samun hutun mako guda ba tare da an yanke musu kuɗi ba. A wannan zamanin ne aka sa wa tafkin Clifton na'urar ɗumama ruwa da lantarki, ana kuma lissafa shi a matsayin tafkin fili na farko a ƙasar da ya samu haka. Yaran Bristol da dama a nan suka koyi iyo, su da 'ya'yansu da jikokinsu.

ABIN DA YA KASHE SU

Abubuwa huɗu ne suka taru suka karya tafkunan fili bayan yaƙin duniya na biyu. Na farko, a 1960 wani kwamiti ƙarƙashin John Wolfenden ya fitar da rahoto kan wasanni, ya ba da shawarar a karkata ga tafkuna masu rufi da za su yi aiki rani da damina. Daga nan kuɗin gwamnati ya bi ta can. Na biyu, tafiya hutu ta jirgin sama zuwa Sifaniya da makamantanta ta yi araha, wanda ya ɗanɗana ruwan ɗumi a can ya daina marmarin ruwan sanyin gida. Na uku, gine-ginen sun tsufa, kankare ya tsage, bututu ya yi tsatsa. Na huɗu, kuma shi ne babba, doka ba ta wajabta wa hukumar gari ta samar da wurin iyo ba, kamar yadda ta wajabta mata kwashe shara ko kula da marayu. Da aka matse wa ƙananan hukumomi aljihu a shekarun 1980, sai aka fara yanka daga abin da ba dole ba.

Haka aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Wasu aka cike su da ƙasa, wasu suka koma wurin ajiye motoci, wasu wurin sayar da furanni. Na Clifton ya kai 1990, aka ce yana yoyo, aka rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da a ce ana gyaran ƙaramar tsaga a kan kari, da ba a kai ga samun hujjar rufewa ba.

SHEKARA 18 A GARƘAME

Bayan rufewa hukumar ta sayar da wurin ga wani kamfanin gina gidaje, wanda ya so ya rushe ya gina gidajen kwana. Maƙwabta da masu kishin kayan tarihi suka tashi tsaye, suka yi ta rubuta koke da halartar zaman majalisa. A 1998 aka sa ginin a mataki na biyu mai tauraro cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ke karewa. Wannan mataki ba kowane gini ke samunsa ba, kusan shida ne cikin ɗari na gine-ginen da ke jerin a Ingila.

Amma kariyar doka iyakarta ta hana rushewa. Ba ta ba da ko kwabo na gyara. Sai aka shiga halin gaba kura baya sayaki: mai wurin ba zai iya rushewa ba, masu fafutuka ba su da kuɗin gyara, hukuma kuma ta riga ta zare hannunta. Ciyawa ta fito a cikin tafkin, katako ya ruɓe, ruwan sama ya yi ta cin ginin.

ZUWAN MAI GYARA

A tsakiyar shekarun 2000 wani ɗan kasuwa ɗan asalin Sweden mai suna Arne Ringner ya shigo maganar. An san shi a Bristol da wani gidan abinci da ya yi a cikin tsohon jirgin ruwa a tashar birnin. Kamfaninsa ya saye wurin, ya samu izinin gyara, aka kashe kimanin fam miliyan 2, aka sake buɗewa a watan Nuwamban 2008.

An bar fuskar ginin yadda take, an kuma dawo da ɗakunan sauya kaya na bakin ruwa. Tafkin da ake shiga yanzu tsawonsa mita 24 ne, ana ɗumama shi duk shekara. Tsohuwar barandar 'yan kallo ta koma gidan abinci mai bangon gilashi, mai cin abinci na kallon masu iyo. An ƙara ɗakin sirace da ɗakunan tausa. Ana kuma buƙatar kowa ya yi wanka sosai kafin ya shiga ruwa, domin a rage yawan sinadarin kulorin da ake zubawa.

Tsarin shiga shi ne inda maganar take. Mamba na biyan kuɗinsa na ƙa'ida, ya zo lokacin da ya ga dama. An ƙayyade yawan mambobin, har akan yi layin jira. Wanda ba mamba ba an ware masa wasu sa'o'i, ko kuma ya haɗa iyon da cin abinci ko tausa, kuɗin kuma ya ninka na tafkin hukuma sau da yawa.

ME YA SA SAI DA MAMBOBI?

Kafin mu yanke hukunci, mu duba lissafin. Tafkin fili a Ingila kasuwarsa wata uku ce ko huɗu. Ranar da rana ta fito layi har titi, ranar da aka tashi da ruwan sama ba ka ganin kowa. Amma kashe kuɗi ba ya tsayawa: wutar ɗumama ruwa, injinan da ke juya ruwa suna tacewa dare da rana, magani, albashin masu ceto da dole su tsaya ko mutum biyu ne a ciki, inshora, da gyaran gini mai shekara sama da 150 wanda doka ta ce sai da izini za a taɓa shi. Mai dogaro da kuɗin ƙofa kaɗai, shekara ɗaya ta rashin rana ta isa ta durƙusar da shi.

Mamba kuwa yana biya ko a tsakiyar hunturu. Mai wurin ya san abin da zai shigo masa a wata, zai iya riƙe ma'aikata duk shekara, banki ma zai yarda ya ba shi bashi. Gidan abinci da tausa su kawo riba a kai. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Abin da mamba ke saye har da rashin cunkoso. Ranar da aka buɗe ƙofa yaran unguwa suka cika ruwan da hayaniya, shi ke nan abin da ya biya dominsa ya tafi. Wato rage mutane wani ɓangare ne na hajar da ake sayarwa. Shi ya sa ko mai wurin na da kyakkyawar niyya, tsarin kansa ba zai bar shi ya zama na kowa da kowa ba.

TAFKIN MATA NA READING

Abin da aka yi a Bristol an maimaita shi a garin Reading, a bakin kogin Thames. A can an gina wani tafki a 1902 domin mata zalla. Injiniyan hukumar garin, John Bowen, shi ya zana shi, da jan bulo, aka kewaye shi ruf yadda na waje ba ya hango na ciki, domin matan wancan zamani su yi iyo cikin sutura da kwanciyar hankali. Da farko ruwan kogin ake jawowa a cika shi. An rufe shi a 1974.

Shi ma an so a kawar da shi, jama'ar gari suka yi fafutuka har aka sa shi a jerin gine-ginen tarihi a 2004. Masu fafutukar sun so su karɓe shi su gudanar da shi a matsayin tafkin al'umma, amma kuɗin da ake bukata ya fi ƙarfin abin da suka iya tarawa. A 2013 hukumar ta zaɓi kamfanin da ya gyara na Bristol, ta ba shi hayar shekara 250. Aka kashe sama da fam miliyan 3, aka buɗe a Oktoban 2017, bayan shekara 43 a rufe, bisa tsari iri ɗaya: mambobi, gidan abinci, tausa. Waɗanda suka yi shekaru suna hana a rushe shi sun ga ginin ya rayu, amma ba a hannunsu ba.

HANYAR AL'UMMA: BATH DA LANDAN

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. A birnin Bath, kusa da Bristol, akwai tafkin Cleveland da aka gina a 1815 a bakin kogin Avon, wanda ya girmi na Clifton da shekara 35. Shi ma asalinsa karo-karon masu hali ne, bayan wata doka ta 1801 ta hana wanka tsirara a kogin. Daga baya ya koma hannun hukuma, aka rufe shi a 1984, har aka taɓa kiwon kifi a ciki. Da hukuma ta sa shi a kasuwa a 2003, mazauna garin suka kafa gidauniya suka ce na kowa zai zama. Sun yi kusan shekara 20 suna nema. A 2018 asusun kula da kayan tarihi, wanda ke samun kuɗinsa daga cacar ƙasa, ya ba su fam miliyan 4.7, aikin kuma gaba ɗaya ya haura fam miliyan 9. Saboda ƙuncin hanya, ta kogi aka riƙa kawo kayan aiki a kwale-kwalen dako. An buɗe wa jama'a a Satumban 2023. A Janairun 2024 kogin ya yi ambaliya, ya lalata ɗakin injina, aka sake rufewa. Wata huɗu kacal aka mora kafin wannan ambaliya.

A gabashin Landan kuwa, tafkin London Fields da aka buɗe a 1932 an rufe shi a 1988. Mazauna unguwar suka hana a rushe, suna fitowa aikin gayya suna share wurin, suna matsa wa ƙaramar hukumar Hackney lamba har shekara 18. A ƙarshe hukumar ta zuba kuɗinta, ta sake buɗe shi a 2006, tsawon mita 50, da ruwan ɗumi, kowa ya biya kuɗin ƙofa ya shiga. Shekarun rufewarsa daidai suke da na Clifton, amma shi ya dawo na jama'a, saboda hukuma ta yarda ta ɗauki nauyin.

A kudancin Landan an yi tsari na tsaka-tsaki. Tafkin Tooting Bec, na 1906, mai tsawon kusan mita 91, na kowa ne a lokacin zafi. A shekarun baya, in sanyi ya shigo sai ya koma hannun mambobin ƙungiyar iyo ta kudancin Landan, wadda ita ma tun 1906 take. Ƙungiyar ba ta kore jama'a ba, ta riƙe wurin ne a watannin da jama'a ba sa zuwa.

PARIS: INDA ABIN YA KAI MAƘURA

Wanda ke son ganin iyakar tsarin mambobi ya dubi tafkin Molitor a birnin Paris. An buɗe shi a 1929, da tafki biyu, ɗaya a rufe ɗaya a fili. Zakaran iyon Amurka Johnny Weissmuller, wanda daga baya ya fito a finafinan Tarzan, ya yi aikin ceto a wurin a shekarar buɗewa. Da hunturu akan daskarar da tafkin filin ya zama wurin wasan zamiya. An rufe shi a 1989, aka sa shi cikin kayan tarihi a 1990, ya yi shekaru masu zane a bango na yin yadda suka so da shi.

Hukumar birnin Paris ta ba wasu manyan kamfanoni hayar shekara 54. Suka rushe mafi yawan tsohon ginin, suka sake gina shi da kamannin na da, suka ɗora otal mai ɗaki 124, aka buɗe a Mayun 2014. Kuɗin zama mamba a lokacin yuro 3,300 ne a shekara, ban da yuro 1,200 na rajista. A wancan lokacin mai son wuni ɗaya sai ya biya har yuro 180, alhali tafkunan hukumar birnin yuro 3 ake shiga a lokacin. Masana gine-gine sun yi ƙorafin cewa kwaikwayo aka gina, mazauna birnin kuma suka yi ƙorafin farashi. Abu ɗaya da hukumar ta riƙe shi ne sharaɗin a riƙa ba yaran makarantun yankin wasu sa'o'i a mako su koyi iyo a tafki mai rufin.

ABIN DA MUKA FAHIMTA

In aka jera waɗannan labarai, ba za mu ce wanda ya gyara tafkin Clifton ya yi ƙwace ba. Wurin ya yi shekara 18 ba mai shiga, talaka da mai kuɗi duk a waje suke. Ya zuba kuɗinsa inda hukuma ta gudu, ginin ya tsira, mutane sun samu aiki. Tarihi ma ya nuna da masu sule guda aka fara. Amma kada a manta shekara 93 da wurin ya yi yana na kowa, da kuɗin harajin jama'a aka saye shi aka riƙe shi. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A nan da mai kaya ya ƙi gyarawa, ai saukewa aka yi, kuma rabon bai zo daidai ba.

Saboda haka a ganinmu alhakin ya fi rataya a wuyan mai bayarwa. Ranar sa hannu a takarda ita ce ranar da jama'a ke da ƙarfi, bayan ta sai roƙo. A ranar ce ya kamata a rubuta sa'o'in da wanda ba mamba ba zai shiga da farashin da ba zai gagare shi ba, a rubuta lokacin yaran makaranta kamar yadda aka yi a Paris, a taƙaita shekarun haya, a kuma rubuta cewa in mai haya ya kasa ko ya sauya manufa wurin zai koma hannun masu shi. Hayar shekara 250 ba ta da maraba da sayarwa, domin ba wanda ya sa hannu ko jikan jikansa da zai ga ƙarshenta.

Labarin Bath kuma ya nuna cewa kishi da karo-karo na iya tayar da gini, amma riƙe shi sai da kuɗin shiga mai ɗorewa da ajiya domin ranar tsautsayi. Na London Fields ya nuna cewa in jama'a suka dage, hukuma na iya komawa ta ɗauki abin da ta yar. Na Tooting Bec ya nuna cewa mamba da wanda ba mamba ba za su iya raba wuri ɗaya in an raba lokaci da adalci.

Waɗanda ke zaune a Legas sun san irin wannan hoto. Kulob ɗin Ikoyi, wanda ke ɗauke da shekarar 1938 a sunansa, na mambobi ne, kuma kayansa na samun kulawa. Tafkin babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, inda aka yi wasannin Afirka na 1973, ya shafe shekaru ba ya aiki kafin a waiwaye shi. Duk lokacin da aka ce za a ba ɗan kasuwa irin wannan wuri ya gyara, tambayoyin da suka taso a Bristol da Reading su ne za su taso.

Kuma maganar ta wuce shaƙatawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, nahiyar Afirka ce kuma ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Duk damina muna jin labarin kifewar kwale-kwale da yaran da kududdufi ya ci. An ce iya ruwa fid da kai, amma iyawar sai an koya, koyon kuma sai da wuri mai aminci da mai koyarwa a tsaye. Ɗan mamba zai samu wannan ko ta halin ƙaƙa. Ɗan wanda ba mamba ba, sai in an rubuta masa sa'o'insa a cikin takardar haya tun ranar farko.

Allah Ya kare mu da zuri'armu, Ya sa mu zama masu riƙon amanar kayan jama'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.